Ranar da Sabo Zaƙi Ya Tofar da Inabi

Duk wanda ya taɓa sayen kankana a bakin babbar kasuwar Suleja ya san Sabo Zaƙi, in bai san sunansa ba to ya san tumbinsa. Mijin yayata ne, Yaya Talatu, don haka ina da ikon faɗar abin da na ga dama a kansa, shi ma kuma bai taɓa raga mini ba. Ina 'yar firamare ya aure ta, tun ranar ya sa mini suna Ƙaramar Matsala. Yau ni Hamdiyya ina da 'ya'ya huɗu, ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a Kwamba, amma har gobe in na biyo ta gaban teburinsa sai ya ɗaga murya ya ce wa maƙwabta su tattare kayansu, ga Matsala nan tafe.

A garin nan aka haife shi, a kan tallar lemo kuma ya tashi. Da faranti ya fara, ya koma baro, daga baro ya samu tebur mai rumfar kwano, ya fi shekara talatin a wannan gurbin. Bai yi boko mai nisa ba, bai je Makka ba, ko mashin bai iya tuƙawa ba. Abu ɗaya gare shi a duniya, harshensa. Ba ya sayar da abin da bai ɗanɗana ba. Ko mangwaron Lambata ne, ko lemon Binuwai, ko abarbar kudu, sai ya yanka a gabanka, ya kai baki, ya lumshe ido kamar mai jin wa'azi, sannan ya ce maka "ɗauki" ko ya ce "bar shi, yau ba rabonka a nan." Ma'aikatan Abuja da ke haya a Suleja, in sun sauko daga mota da yamma a gajiye, ba sa ko duba kayan. "Sabo, zaɓar min" kawai suke cewa, su miƙa hannu su karɓi leda.

Amma abin alfaharinsa shi ne inabi. Ba irin na manyan shagunan Abuja da ake kawowa daga waje cikin 'yan robobi ba, wanda yake cewa ruwan firij ne da fata. Nasa daga yankin Kudan yake zuwa, can gaba da Zariya. Duk shekara in ya nuna, Yaya Sabo kan rufe tebur, ya ɗauki shatar mota, ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗanawa, ya ƙare a gonar wani dattijo, Malam Sha'aibu, wanda suka yi shekara goma sha ɗaya suna hulɗa. In ya dawo, sati guda ba mai jin wani labari a gidan sai na inabi.

Bara ne abu ya lalace. Yaya Talatu ta kira ni ta ce Baban Tayyiba fa, wato Yaya Sabo, yana shan ruwa kamar raƙumi, ga yawan fitsari, ga wando ya fara zame masa. Na ɗauki na'urar gwajin suga na same shi a falo, na huda masa yatsa yana ihu kamar an yanka shi. Abin da na'urar ta nuna ya sa na goge na sake. Na biyun ma haka.

"Na'urarki ce ta lalace," in ji shi. "Ke dama tun kina ƙarama ba ki taɓa kawo labari mai daɗi ba."

Likita ya tabbatar da abin da na gani. Kuma a faɗi gaskiya, likitan bai hana shi kayan marmari gaba ɗaya ba, cewa ya yi kaɗan-kaɗan. To ina Yaya Sabo ya san kaɗan? Mutumin da ɗanɗanonsa na kankana kwata guda ne!

Ranar ya tara mu ni da Yaya Talatu, ya rufe ƙofa, ya ce mu rantse ba za mu gaya wa kowa ba. Na yi dariya, na ce ciwon suga ne fa ba sata ba, rabin dattawan unguwar nan suna da shi. Bai yi dariyar ba.

"Su da hannu suke aiki, ni da baki," ya ce. "In kasuwa ta ji, an gama da ni. Za a ce harshen Sabo ya yi ritaya, kowa ya koma zaɓar wa kansa. To me ya rage? Tebur ne irin na kowa."

Muka rantse. Wata bakwai yana lallaɓawa da dabara: ya ƙwanƙwasa kankana, ya sansana abarba, ya yanki ɗan siririn yanki ya daɗe yana motsa baki don a ɗauka da yawa ya ci. Ba wanda ya gano. Sai ga lokacin inabi ya zo, shi kuwa inabi ba a ƙwanƙwasa shi. Gona bakwai ko takwas ake bi, kowane mai gona sai ya cika maka kwano, kuma Yaya Sabo da bakinsa ya faɗa cewa in ya haɗiye ɗaya sai ya haɗiye ɗari. Yaya Talatu ta ce bana ba zuwa ko'ina. Kwana uku ba sa magana sai ta bakin 'ya'ya.

A rana ta huɗu ya shigo gida yana washe baki, riƙe da wani ɗan koren bokitin roba. Wai Allah ya kawo mafita.

Akwai wani kwastomansa Raphael, mutumin Binuwai, yana aiki a wani otal a Abuja, ɓangaren masu shaye-shaye. Ogansu ya taɓa kai su Afirka ta Kudu su ga gonakin inabin da ake matsewa a yi giya. Raphael bai san komai game da ciwon ba, hira ce kawai ta kawo, ya buɗe waya yana nuna hotuna. Ya ce can mutane kan yini suna bin gonaki, kowace gona a zuba musu su ɗanɗana, amma masu gwanintar abin ba sa buguwa, don ba haɗiyewa suke yi ba. Kurɓa suke yi, su juya a baki, su tofar a wani ɗan bokiti da aka ajiye musamman. Yaya Sabo ya ce a'uzubillahi da giyar, ya bar wa Raphael kayansa, amma ya taho da tofarwar.

"Ilimi ne wannan," ya gaya mana yana ɗaga bokitin. "Harshe ya yi aikinsa, ciki bai sani ba. Mutanen nan fa ba banza suka ci gaba ba."

Na ce masa ko ya tofar sai wani abu ya wuce, amma dai ya fi haɗiyewa. Yaya Talatu ta yarda bisa sharaɗi ɗaya: ni zan bi shi, da na'ura a jaka. Ya ce gara a haɗa shi da ɗan sanda. Ta ce to ya zauna. Ya ce shi ke nan, Matsala ta shirya.

Sai da asuba na ga wanda zai tuƙa mu. Ismail ne mai bas, mutumin da in ya ji magana da hantsi, kafin azahar ta isa garin Madalla ta dawo da ƙari. Yaya Sabo ya raɗa mini cewa in aka tambaya in ce sha'awar ganin gona ce ta kawo ni. Muka wuce Sabon Wuse, muka wuce Tafa, Ismail bai rufe baki ba har Kaduna. Na ji auren wa ya mutu, wa ya sayar da fili sau biyu, wane direba ne ke rina gemu. Yaya Sabo yana gaba, ya rungume bokitinsa a cinya.

Ni dai ban taɓa ganin inabi a jikin uwarsa ba, na ɗauka itace ne kamar mangwaro. Ashe rumfa ake yi masa da sanduna da waya, ya hau ya baje, ganye ya rufe sama, nonon inabin, wato curin 'ya'yansa, na reto a ƙasa, wani kore wani ja har ya yi baƙi. An lulluɓe gefe da raga saboda tsuntsaye. In ka shiga sai ka ɗan sunkuya, ga sanyi, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gaskiya wurin ya burge ni, amma ban faɗa ba don kada Yaya Sabo ya samu abin yi mini gori.

A gona ta farko mai gonar ya taro mu da murna, "Sarkin Zaƙi ya iso! Maraba da mutanen Suleja!" Ya yanko nono guda, ya ɗauraye, ya miƙo da hannu biyu. Yaya Sabo ya yi bisimilla, ya jefa ƙwaya a baki, ya lumshe ido, ya tauna, ya juya ta hagu ya juya ta dama. Sai kuma ya ɗaga bokiti, tuf!

"Madalla," ya ce. "Ya yi zaƙi." Ya ɗauki wata, tuf!

Fara'ar mai gonar ta bi ruwa. Ya dubi bokitin, ya dubi Yaya Sabo, ya dube ni kamar ni ce zan fassara.

"Malam Sabo, in bai yi ba ka ce bai yi ba mana."

"Ya yi fa! Haka ake ɗanɗanawa yanzu a ƙasashen waje."

"To," in ji mutumin, ya karɓe sauran inabinsa. "Nan dai Kudan ce."

Gona ta biyu ma haka aka yi, sai dai shi wannan ya fi zafi, ya ce tun da yake bai taɓa ganin an tofar da abincin Allah a gaban wanda ya noma shi ba. A ta uku aka ce mai gonar ya tafi Hunkuyi, alhali ga mashin ɗinsa nan jingine, ga takalmansa a bakin bukka. Ashe labari ya riga mu ta waya. Ismail kuwa dariya har da dukan sitiyari, yana cewa wallahi yau ya ga abin ba da labari.

Raina ya ɓaci. Na ja Yaya Sabo gefe na ce masa, "Kai wai ba ka da ido ne? Mutane sun yi wata da watanni suna ban ruwa, suna korar tsuntsu, ka zo kana tofar musu a fuska? Su na can da aka ba ka labari sun san da bokitin, su suka ajiye shi. Nan wa ya sani? Ko ka gaya musu gaskiya, ko ka jefar da wannan shirmen mu koma gida."

"Ke ba ki san harka ba. Waɗannan yara ne. Malam Sha'aibu mutum ne mai zurfi, zai gane."

Bayan la'asar muka isa gonar Malam Sha'aibu. Dattijo ne siriri, zai yi saba'in, yana ɗan ɗingishi, ƙafarsa ta hagu sanye da safa cikin silifa duk da zafin da ake yi. Ko labarin bai iso shi ba, ko ya iso bai yarda ba, don rungume Yaya Sabo ya yi, ya tambayi Hajiya Talatu da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya shimfiɗa mana tabarma a can ƙarshen gona, ƙarƙashin wani tsohon inabi mai kaurin gindi, wanda ya ce shi ne farkon abin da ya dasa a wurin. A jikinsa akwai nono guda da aka ɗaure cikin tsumma don kada tsuntsu ya taɓa.

"Naka ne," ya ce wa Yaya Sabo. "Sati biyu ina gadinsa."

Da hannunsa ya yanko, da hannunsa ya wanke, ya zuba a kwanon sha ya ajiye a gaban baƙonsa. Sannan ya zauna daf da shi, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya kafa masa ido.

Yaya Sabo ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Wannan karon ya daɗe. Na ga kafaɗunsa sun sauka, na ga maƙogwaronsa ya fara motsi, na yi gyaran murya. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, na dafa jakata. Ya ɗaga bokitin a hankali, kamar wanda za a yi wa allura, ya tofar.

Malam Sha'aibu ya dubi bokitin. Can ya ce, "Sake ɗaya."

Ya sake, ya kuma tofarwa. "Malam, wallahi ya fi na bara. Wata sabuwar hanya ce ta ɗanɗano da na samo wurin wani..."

Dattijon ya miƙe bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya ɗingisa zuwa bukkarsa, ya dawo riƙe da adda.

"Dama na yi zargin ya tsufa," ya ce, ba tare da fushi ba, yana shafa gindin inabin. "Shekara goma sha tara. An ce mini in sare in dasa sabo, na ce sai Sabo ya zo ya faɗa."

"Malam, tsaya! Na ce maka ya yi zaƙi!"

"Shekara goma sha ɗaya kana cinye nono uku kafin ka tambaye ni ya gida. Bakinka bai taɓa yi mini ƙarya ba, kada ka fara yau saboda kunyata. Abin da ka ƙi haɗiyewa ba zan sayar wa 'ya'yan mutane ba."

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga addar. Yaya Sabo ya zabura ya riƙe masa hannu, bokitin ya kife a tabarma. Na ga ya waiga ya dubi Ismail, wanda ke tsaye baki buɗe, kunne a miƙe. Ya dube ni. Ni kuwa na riga na rantse ba zan tona asirinsa ba.

"Suga gare ni!" Da ƙarfi ya faɗa, har wasu tsuntsaye suka tashi daga kan raga. "Ciwon suga ne ya kama ni, Malam. Wata bakwai ke nan. An hana ni. Ba laifin inabinka ba ne, wallahi tallahi ban taɓa sa irinsa a baki ba."

"Inna lillahi," in ji Ismail, hannunsa ya riga ya shiga aljihu.

Malam Sha'aibu ya sauke addar. Ya daɗe yana kallon Yaya Sabo, sannan ya koma ya zauna a tabarma, ya zare silifa, ya zare safar. Yatsu biyu babu. Aikina ne, kallo ɗaya na yi na san suga ne ya cinye su.

"Shekara shida rabona da ƙwaya ɗaya," ya ce. "Ni nake dasawa, ni nake aske shi, ni nake yankowa, ban san ɗanɗanonsa ba. Masu saye kowa da abin da yake faɗa, wani ya kushe don a sassauta masa, wani ya yaba don kunya. Kai kaɗai ne in ka zo nake zama in kalli fuskarka in san abin da na noma."

Yaya Sabo ya zauna daɓas.

Ni kuma nas ɗin cikina ta motsa, na ce ai ƙwaya biyu ko uku ba za su kashe kowa ba, in dai ana shan magani ana gwaji. Malam Sha'aibu ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wanda ya san wannan itacen ba ya tsayawa a uku." Yaya Sabo ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya samu ɗan'uwa.

Can na hango Ismail ya zagaya bayan mota, waya a kunne, yana ta ɗaga hannu. Na miƙe zan je in ƙwace ta, don wallahi da na mare shi. Yaya Sabo ya ce, "Bar shi, Hamdiyya. Kafin mu kai Tafa kowa ya ji, ya rage mini aiki." Da wasa ya so ya faɗa, amma muryarsa ta yi rawa. Shekara talatin da ɗoriya muna tsokanar juna, ban taɓa jin tausayinsa irin na wannan lokacin ba.

Na koma na zauna, mu uku ga kwanon inabi a tsakiya. Sai Malam Sha'aibu ya ce, "To yanzu wa zai gaya mana?"

Suka juyo gaba ɗaya suka dube ni.

Na ce a'a, ni da kayan marmari ba mu cika shiri ba, ni ta ƙosai ce da yaji. Ba wanda ya saurare ni. Yaya Sabo ya zaɓo ƙwaya ya miƙo, na karɓa na jefa a baki na haɗiye.

"Da daɗi," na ce.

"Da daɗi! Ka ji ta ko, Malam? Shekara goma sha tara, wai da daɗi! Kamar ta sha fanadol! Ke, a ina kika fara jin zaƙin, a gaban harshe ko a baya? Fatar ta fashe da kanta ko sai da kika danna? Akwai ɗan tsami a ƙarshe ko babu?"

"To ni ina na sani?"

"Sake. Kada ki tauna tukuna, ki ajiye ta a kan harshe."

Na sake. Na ajiye ta yadda ya ce, na danna a hankali, ta fashe. Ruwan ya cika mini baki, sanyi da zaƙi tare, can ƙasa kuma wani ɗan tsami da ya sa yawuna ya tsinke. Ban san lokacin da na rufe ido ba. Da na buɗe, sai na ga dattawa biyu sun matso har gwiwoyinsu na taɓa kwanon, bakin kowannensu na motsi ba komai a ciki. Idon Malam Sha'aibu ya cika da ruwa.

Na kai hannu zan ɗebo da yawa, Yaya Sabo ya tare kwanon, ya tsinko ƙwaya ɗaya tak ya ɗora mini a tafin hannu.

"A hankali, Hamdiyya," ya ce. "Mu uku ne a kan wannan."